Filin Tambaya da Amsa: Kejin Tsohuwar Rediyon Motata Ya Ƙi Fita

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da mota ƙirar Peugeot 505 wadda na gada daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa, kuma har yanzu da ita nake zuwa aiki. Rediyon da ke cikinta mai kaset ce, ta daɗe da daina aiki, shi ya sa na sayi sabuwa mai karɓar filasha da Bluetooth. Na yi nasarar zaro tsohuwar, amma sai na tarar da wani akwatin ƙarfe mai huji-huji ya maƙale a cikin ramin dashbod. Sabuwar rediyon ta zo da nata akwatin, kuma da na gwada zura ta a cikin tsohon sai ta shiga amma ta ƙi kamawa. Na ja tsohon da hannu, yana ɗan motsi amma ba ya fitowa. Wani mai gyaran wayar mota ya ce in bari ya ɓanɓaro shi da babban sukudireba, ni kuwa ina tsoron kada robar ta fashe. Yaya ake cire shi ba tare da an yi ɓarna ba?

Daga wani malamin makaranta, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifi, Ya sa ya huta. Ka yi daidai ƙwarai da ka hana a sa wa dashbod ɗin nan babban sukudireba, domin robar da ta shekara talatin ko fiye tana shan ranar Kaduna ta riga ta bushe, kuma idan ta tsage ba ta ɗinkuwa yadda ido zai yarda da ita. Motar taka tana cikin irin waɗanda aka riƙa haɗawa a nan Kakuri, a kamfanin Peugeot da ya fara aiki a 1975, kuma duk wanda ya taɓa zagaya kasuwar Panteka yana neman dashbod ɗinta mai lafiya ya san cewa injin ma ya fi shi sauƙin samu. Akwatin ƙarfen kuwa, wanda masu sana'a ke kira keji, abu ne mai araha da ke zuwa kyauta a cikin kwalin yawancin sababbin rediyoyi. Saboda haka idan har dole sai wani abu ya lalace a cikin aikin nan, to kejin ne ya kamata ya lalace, ba robar ba.

Zai taimaka ka san dalilin da ya sa sabuwar rediyon ta shiga amma ta ƙi kamawa. Girman ramin rediyon mota yana da ƙa'ida wadda hukumar daidaita ma'auni ta Jamus ta fara tsarawa da lambar DIN 75490, daga baya a 1984 ta zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO 7736. Ƙa'idar ta ce faɗin fuskar rediyo milimita 180 ne, tsayinta kuma milimita 50, wato kusan inci 7 da inci 2. Mai ninki biyu, irin masu allon nan da ake yayi yanzu, tsayinta milimita 100 ne. Abin da ƙa'idar ba ta daidaita ba shi ne zurfin rediyon da kuma wurin da maƙallanta ke kama keji. Kowane kamfani yana huda kejinsa ne a inda maƙallan rediyonsa za su faɗa, shi ya sa rediyon Pioneer za ta iya shiga kejin Blaupunkt lafiya lau amma ta riƙa zamewa gaba duk lokacin da aka faɗa rami. Ba laifin sabuwar rediyonka ba ne, kuma ba a yi maka algus ba.

Kafin ka taɓa komai, ka buɗe bonet ka cire kan batir mai alamar ragi, wanda galibi shi ne na baƙar waya. A yawancin motoci sifana mai lamba 10 ce ke kwance shi. Mutane da yawa suna ganin zare makulli ya wadatar, alhali a cikin wayoyin da ke bayan rediyo akwai guda ɗaya da wuta ba ta yankewa a cikinta dare da rana, domin ita ce ke riƙe agogo da tashoshin da aka ajiye. Gefen keji yana da kaifi kamar reza, kuma idan ya yanki rigar wannan wayar yayin da ake jansa, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne fis ya ƙone. Idan kuwa wani ya taɓa ɗaure fis ɗin da zaren waya, kamar yadda ake yawan yi a tsofaffin motocinmu, to wayar ce da kanta za ta yi zafi ta narke a cikin dashbod, inda hannu ba ya kaiwa da sauri. Ka kuma ja birkin hannu, ka mayar da giya baya domin ta ba ka fili, sannan ka ɗauki hoton wayoyin da wayarka tun kafin ka motsa su.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda ba kasafai ake kula da ita ba. Tsohuwar roba ta fi saurin karyewa idan ta yi sanyi, don haka a kwanakin hunturu kada ka yi aikin da sassafe. Ka bari sai hantsi ya ɗaga, cikin motar ya ɗan yi ɗumi, sannan ka matsar da ita inuwa ka fara.

Bayanin da ka yi, cewa kejin yana ɗan motsi amma ba ya fitowa, ya nuna mini kusan tabbas cewa 'yan kunnuwa ne ke riƙe da shi. Ka haska tocila a ciki ka dubi bangonsa huɗu, sama da ƙasa da hagu da dama. Za ka ga an yanka ƙananan siffofi a jikin ƙarfen, wasu masu kusurwa uku, wasu dogaye, an jera su a nisa daban-daban daga bakin kejin domin su dace da kaurin dashbod iri-iri. Yawancinsu suna nan a kwance daidai da bangon, ba a taɓa su ba. Waɗanda ke riƙe da kejin su ne waɗanda wanda ya ɗaura shi ya tura waje, suka lanƙwashe a bayan leɓen dashbod, kuma za ka gane su ne ta wurin ramin da suka bari a buɗe. Kada ka tsaya a kan biyun farko da ka gani. Ka ƙirga su duka, musamman na sama, domin su ne ido ba ya gani sai mutum ya sunkuyar da kai sosai ko ya sa ƙaramin madubi.

Aikinka shi ne ka dawo da kowane kunne ciki, ɗaya bayan ɗaya. Tun da rediyon ta fita, hannunka zai iya wucewa ta cikin kejin har bayansa, ka lanƙwaso yatsu ka lalubi kunnen daga waje ka turo shi ciki. Ka sa safar hannu, ko aƙalla ka naɗe yatsun da tsumma, domin na ga mutane da dama sun gama wannan aiki da jini a hannu. Inda yatsa bai kai ba, ka sami ƙaramin sukudireba mai faɗin baki, siriri, ka zura bakinsa ta ramin da kunnen ya bari, ka kamo kan kunnen ka janyo shi. Abin da na fi amfani da shi ni kaina shi ne sifok ɗin keke, wanda ake lanƙwasa kansa kaɗan ya zama ƙugiya. Yana shiga inda sukudireba ba ya shiga, kuma ja yake yi, ba ya buƙatar a jingina shi da komai. Wannan na ƙarshe shi ne muhimmi, domin duk ɓarnar da ake yi a wannan aiki tana faruwa ne a lokacin da aka jingina ƙarfe a kan roba aka danna. Idan har ya zama dole ka jingina, ka sa guntun kwali mai kauri a tsakani. Ba sai kunnen ya koma daidai yadda yake da farko ba; ya isa ya saki leɓen dashbod kawai.

Bayan ka gama da kunnuwan, ka kama kejin da hannu biyu ta gefensa na hagu da dama, ka riƙa girgiza shi a hankali kana janyowa. Idan gefe ɗaya ya fito ɗayan ya tsaya, to akwai sauran kunne a wannan gefen, ka mayar da kejin ka sake nema. Idan ya fito kamar faɗin yatsa ya tsaya cak, sai ka leƙa bayansa, domin wani lokaci akan ɗaure wayar ƙasa, wato wadda ke haɗuwa da ƙarfen jikin mota, a jikinsa da ƙaramin noti, wani lokaci kuma akan ɗaure masa damin wayoyi ko wayar eriya, ko kuma a sami wata siririyar maɗaurin ƙarfe da ta taso daga can ciki tana tallafe da shi. Duk waɗannan kwancewa ake yi, ba yankewa ba.

Yana yiwuwa tsatsa ta ci kunnuwan, ko kuma wanda ya ɗaura kejin ya danne su har sun nutse a cikin robar, ta yadda ƙugiya ba za ta kama su ba. A nan ne za ka sadaukar da kejin. Ka kama tsakiyar leɓensa na sama da filaya ka lanƙwaso shi ƙasa, ka kama tsakiyar na ƙasa ka lanƙwaso shi sama, ta yadda bakinsa zai tsuke. Ƙarfen siriri ne, ba ya gardama. Yayin da sama da ƙasa ke haɗuwa, kunnuwansu za su zame daga bayan leɓen dashbod da kansu, gefunan biyu kuma za su saki, sai ka janyo su ciki da filayar. Ka ga a wannan hanya duk ƙarfin da ake yi yana tafiya ne zuwa tsakiyar ramin, nesa da roba, saɓanin ɓanɓarowa da sukudireba inda robar ce ke ɗaukar nauyin duka.

Sai dai ina so ka tabbatar da abu ɗaya kafin ka kai ga filaya. Idan ka haska ba ka ga kunne ko ɗaya da aka lanƙwasa ba, amma ka ga kan sukuru ko na ribit a kusurwoyin, to abin da ke gabanka ba keji ne na zurawa ba, firam ne da aka ɗaure da jikin dashbod. Mai sukuru yana da sauƙi, sai dai sukurorin sukan ɓuya a bayan robar da ta kewaye rediyon ko a bayan mazubin toka, sai an cire waɗannan tukuna. Mai ribit kuwa sai an huda kan ribit ɗin da injin huji, kuma ban ba ka shawarar ka yi wannan da kanka ba, saboda a bayan wurin akwai wayoyi da bututun iska. Haka nan idan ka lura cewa maɓallan fanka da na iska suna rataye ne a jikin wannan firam ɗin, ka bar shi inda yake, a nemi hanyar zaunar da sabon kejin a cikinsa.

Game da ɗaura sabon, ka zare shi daga jikin rediyon da 'yan makullan ƙarfe biyu da suka zo a cikin kwalin, ka duba inda aka rubuta sama, ka zura shi shi kaɗai har leɓensa ya kwanta a kan dashbod. Sannan ka zaɓi kunnuwan da suka faɗo daidai bayan leɓen ka tura su waje da sukudireba, sama da ƙasa da gefuna, har sai ka girgiza kejin ka ji bai motsa ba. A bayan yawancin rediyoyi akwai ramin da ake ɗaura wani ɗan noti mai hular roba, wanda ke shiga wani gurbi a can ciki ya tallafi nauyinta. Masu ɗaurawa da yawa suna jefar da shi, ni kuwa ina ganin a irin hanyoyinmu bai kamata a bar shi ba, domin rediyon da ke rataye ta baki kawai tana jijjiga, kuma jijjigar ce a hankali ke cinye leɓen robar da muke ta ƙoƙarin karewa. 'Yan makullan nan biyu kuma ka ajiye su tare da takardun mota, ranar da za a sake buƙatarsu tana nan tafe.

A kan wayoyi, roƙona shi ne kada ka bari a yanke soket ɗin motar idan har yana nan. Motocin Turai da yawa suna amfani da soket mai ƙa'idar ISO 10487, kuma ana sayar da 'yar wayar haɗi wadda kai ɗaya ke shiga na motar, ɗayan kuma na rediyon. A ɓangaren sabuwar rediyo launukan sanannu ne: rawaya ita ce ta wutar dindindin, ja ta wutar makulli, baƙa ta ƙasa, sannan fara da ruwan toka na lasifikokin gaba, koriya da shunayya na baya. Amma a ɓangaren tsohuwar mota launi ba hujja ba ne, balle wadda ta bi ta hannun masu gyara da yawa. Sai an mayar da batir an gwada da fitilar gwaji ko mita: wadda ke da wuta ko da an zare makulli ita ce za ta tafi ga rawaya, wadda ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli kuma ta tafi ga ja. Idan aka juya su, rediyon za ta yi aiki amma kullum da safe za ka tarar ta manta tashoshinta. Akwai kuma wani haɗari na musamman ga tsofaffin motoci, wato a wasunsu ana haɗa ƙafa ɗaya ta lasifika da jikin mota, ko a haɗa lasifikoki biyu a kan wayar dawowa guda. Rediyoyin yanzu ba sa jure wannan, kowace lasifika tana buƙatar wayoyinta biyu daga rediyo kai tsaye, in ba haka ba sai a ƙona abin ƙara sautin da ke ciki tun ranar farko. Idan aka tarar da haka, a ja sababbin wayoyi, kuɗinsu bai kai na wata rediyon ba.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Tawa motar tsohuwar Toyota Corolla ce 'yar Kwatano. Ɗana ya nemi ramukan da ake zura makullan cire rediyo bai gani ba, kuma ya ce babu wani keji a ciki. Shin an manne ta ne?

Daga wata ma'aikaciyar jinya, Barnawa, Kaduna.

AMSA

Hajiya, barka kadai. Ba a manne ta ba, kuma ɗanki ya gani daidai. Motocin Japan irin su Toyota da Nissan galibi ba sa amfani da keji. Ana ɗaure wasu ƙarafa biyu ne a gefen rediyon hagu da dama, sannan a ɗaure ƙarafan da jikin dashbod, yawanci da sukuru ko noti huɗu da ke ɓoye a bayan robar da ta kewaye rediyon. Sai an fara cire wannan robar, wadda ke kame da 'yan maƙallai, wani lokaci da sukuru ɗaya ko biyu a ƙasa. A fara neman sukurorin, sannan a ɗaga robar a hankali da abu na roba mai faɗi, ba da wuƙa ba. Idan rediyon ta fito, a kwance ƙarafan biyu a mayar da su jikin sabuwar, domin yawancin sababbin rediyoyi suna da ramuka a gefensu saboda wannan, kejin da ya zo a kwali kuma a ajiye shi. A yi amfani da gajerun sukurorin da suka zo da sabuwar rediyon, saboda dogon sukuru yana iya shiga ya taɓa kayan cikinta. Sukurorin asali na gefen rediyo sukan yi tauri sosai, don haka a sami sukudireba da ya cika kansu daidai, a danna da ƙarfi kafin a murɗa, kada kan ya cinye. Ki kuma gargaɗe shi cewa idan ya ga soket ko damin waya mai launin rawaya mai haske a cikin dashbod, wannan na jakar iska ce ta kariya daga haɗari, kada ya cire shi kuma kada ya sa masa fitilar gwaji.

TAMBAYA

Malam, ni so nake in cire rediyon Honda Accord ɗina in gyara wani abu a bayanta in mayar. An ce idan na cire batir za ta kulle. Gaskiya ne?

Daga wani ɗan kasuwa, Kawo, Kaduna.

AMSA

Gaskiya ne, Alhaji, idan rediyon ta asali ce mai lambar tsaro. Honda da Volkswagen da Mercedes da wasu kamfanoni sun sa wa rediyoyinsu wannan tsari domin hana sata: da zarar wuta ta yanke, ko ta hanyar cire batir ko ta zare soket ɗin bayanta, sai ta nemi a shigar da lambar kafin ta sake magana. Saboda haka ka nemi lambar tun kafin ka fara. Takan zo a kan wani ɗan kati a cikin littafin motar, wani lokaci kuma akan sami takardarta manne a cikin akwatin ajiya na gaban fasinja. Idan ba ka same ta ba, akwai lambar jikin rediyon, wadda da ita dillalan kamfanin ke gano lambar tsaron, sai ka rubuta ta ka adana. Kada ka tsaya kana gwada lambobi da ka, domin bayan kuskure kaɗan rediyon takan rufe kanta, a wasu ma sai an bar ta a kunne na tsawon lokaci kafin ta sake ba da damar gwadawa. Idan gyaran da za ka yi ba ya buƙatar zare soket, kana iya janyo rediyon gaba kaɗan da wayoyinta a haɗe, ka shimfiɗa tsumma a kan giya ka ɗora ta, muddin aikin bai shafi wayar wuta ba kuma babu ƙarfen da zai kusanci bayanta.